Katin allurar shawara ba ya mutuwa bayan shekara 10

Maganar da ke ta yawo tsakanin matafiya ita ce wai duk wanda katinsa na allurar zazzaɓin shawara ya haura shekara 10, sai an sake yi masa allura kafin ya tsallaka iyaka. A da haka dokar take, amma ta canza. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi wa Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa gyara, gyaran ya soma aiki ranar 11 ga Yuli, 2016. Tun daga ranar katin yana aiki iya rayuwar mai shi, kuma ƙasar da dokar ta hau kanta ba ta da hurumin neman allurar ƙari a matsayin sharaɗin shiga.

Abin da ke rikita mutane tsohon kati ne. Ka buɗe shi, ga ranar ƙarewa an rubuta da biro, ga hatimi a gefe. Wannan ranar ba ta da sauran tasiri, gyaran ya haɗa har da katunan da aka bayar kafin 2016.

Dalilin yana cikin allurar kanta. Ƙwayar cutar ce mai rai da aka karya wa lago. Jiki ya yi kokawa da ita, ya haddace kamanninta, ba ya mantawa. Cikin kwana 30, kusan 99 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun samu garkuwa. Kada a kwatanta allurar da ta tetanos, wadda ƙarfinta ke raguwa har sai an tunatar da jiki da wata.

Inda dokar ta tsaurara shi ne kwana 10 na farko. Kati ba ya soma aiki sai allurar ta kwana 10 a jiki, domin kafin nan garkuwa ba ta kankama ba. Wanda aka yi wa yau ya tashi gobe daga yankin da cutar take, ana iya killace shi har kwana 6, ko zuwa ranar da katin zai soma aiki. Ni dai ban ga zalunci a nan ba, cuta ce mai kisa da sauro ke yaɗawa. Abin da ke min ciwo shi ne a tsare mai sahihin kati a ce katin ya mutu, a sa shi biyan kuɗin allurar da jikinsa ba ya buƙata.

Ana yin allurar daga wata 9 da haihuwa. Mai raunin garkuwar jiki, ko wanda ƙwai ke tayar wa rashin lafiya mai tsanani, ya nemi takardar uzuri daga likita, ko da yake ƙasar da ya sauka tana iya sa ido a kan lafiyarsa na 'yan kwanaki.