Laka ba abokiyar gabar furen lotus ba ce

An daɗe ana buga misali da furen lotus, wani furen cikin ruwa mai kama da bado: wai ya sha wuya a cikin laka, ya yi ta fama har ya ɓullo fes. Mabiya addinin Buddha da na Hindu sun ɗauke shi alamar tsarki, masu ba da shawarar zaman duniya kuma suka mayar da shi darasin juriya. Maganar akwai daɗin ji, sai dai shukar ba ta san da wata wahala ba.

Laka ce abincinta. Saiwarta mai kauri tana kwance cikin taɓo, daga nan take zuƙar abin da ke raya ta. Yanka saiwar a gicciye, za ka ga ramuka a jere kamar an huda da tsinke. Ta nan iska ke gangarowa daga ganye. Raba ta da taɓon, ka bar ta a ruwa garai-garai, sai ta kanjame.

Tsabtar kuwa aikin fatar ganyen ce. Cike take da ƙananan ƙuraje masu maiƙo irin na kakin zuma waɗanda ido ba ya gani. Ɗigon ruwa na faɗowa sai ya dunƙule, ya mirgina, ya kwashe ƙura ya tafi da ita. Wilhelm Barthlott, masanin tsirrai ɗan Jamus, ya yi bayanin wannan a 1997, har masu haɗa fenti suka kwaikwayi dabarar.

Af, kada a ce masa bado. Ganyen bado kan kwanta a kan ruwa, na lotus kuwa yakan miƙe sama kamar laima.