Me Ke Sa Baƙin Ƙasashen Waje Su Yi Tururuwa Zuwa Wani Gari Su Tsallake Wani?

Duk shekara idan aka yi hawan Sallah a Zariya, akan hangi tsirarun baƙi daga ƙasashen waje a kusa da ƙofar fada, suna ɗaukar hoton dawakai da 'yan lifidi, kafin washegari kuma sun bar gari. Wannan ne yake sa mutane da dama tambayar dalilin da ya sa birni mai ganuwa da tsohon tarihi irin namu bai zama wurin zuwan masu yawon buɗe ido ba, alhali wasu garuruwan da ba su fi shi daɗewa ba suna karɓar miliyoyin mutane. Ga wasu daga cikin tambayoyin da suka fi yawan tasowa a kan wannan batu.

Wane ne ake ƙirgawa a matsayin mai yawon buɗe ido, kuma ina suka fi zuwa?

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawon buɗe ido, wadda hedikwatarta take Madrid, tana ƙirga duk wanda ya ƙetare iyakar ƙasarsa ya kwana aƙalla dare ɗaya a wata ƙasa, bai kai shekara guda ba, kuma ba aikin albashi ya kai shi ba. Ke nan mai zuwa Umra da mai zuwa asibiti a Alƙahira duk suna cikin lissafi. A shekarar 1950 irin waɗannan tafiye-tafiye ba su wuce miliyan 25 ba a duniya, amma a 2019 sun kusa biliyan ɗaya da rabi. Faransa ce a gaba, da baƙi kimanin miliyan 100 a 2023, sai Sifaniya mai kimanin miliyan 85. A Afirka kuwa Maroko ta karɓi fiye da miliyan 17 a 2024.

Ashe ba kyan wuri da tarihinsa ne suke jawo mutane ba?

Suna jawowa, kuma idan babu su babu abin da zai tayar da mutum daga gidansa. Dalar Giza a Masar da gandun namun dajin Kenya da Tanzaniya abubuwa ne da mutum ba zai same su a wani wuri ba, kuma gani ya kori ji. Sai dai duniya cike take da wurare masu ban sha'awa waɗanda ba kowa yake zuwa ba. A kwatanta Marrakesh ta Maroko da Agadas: dukansu tsofaffin biranen fatauci ne masu jan gini, dukansu suna cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na farko tun 1985, na biyu tun 2013, kuma hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka gina da ƙasa zalla, tana da tsawon mita 27. Amma baƙin da Marrakesh take gani a mako guda sun fi ƙarfin abin da Agadas za ta yi mafarkin gani.

Kakanninmu fatake sun san wannan tun kafin a ƙirƙiri jirgin sama. Ayari ba ya sauka a zango saboda kyansa kawai. Madugu yakan duba ko hanya lafiya, ko akwai ruwa, ko akwai mai masauki amintacce, ko sarkin garin yana tsawwala kuɗin fito. Idan aka cire raƙuma da jakuna aka sa jirage, lissafin baƙon yau bai bambanta da na madugu ba.

To, yaya hanya take canza makomar gari?

A ganina wannan ne dalili mafi ƙarfi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Wani kaso mai yawa na baƙin Faransa maƙwabtanta ne, Jamusawa da mutanen Ingila da Beljiyam, waɗanda suke shiga da mota ko jirgin ƙasa cikin 'yan sa'o'i, kuma aljihunsu da nauyi. Ƙasar da take kewaye da maƙwabta masu hali ta riga ta ci rabin kasuwa tun kafin ta yi talla.

Wanda ba shi da irin wannan sa'a sai ya buɗe wa kansa hanya. A ƙarshen 2006 Maroko ta sa hannu a yarjejeniyar buɗe sararin samaniya da Tarayyar Turai, abin da ya ba kamfanonin jirage masu rahusa damar sauka kai tsaye a Marrakesh da Fes daga biranen Turai, har ya zama ma'aikaci a Paris yana iya tashi ranar Juma'a ya dawo aiki ranar Litinin. Dubai kuwa, wadda ba ta da dala ko dajin giwaye, ta kafa kamfanin Emirates a 1985, ta mayar da filin jirginta mahaɗar matafiya tsakanin Turai da Asiya da Afirka, sa'an nan ta gina abubuwan da za su sa mai wucewa ya tsaya, irin su dogon benen Burj Khalifa mai mita 828 da aka buɗe a 2010. 'Yan kasuwarmu masu zuwa saro kaya sun fi kowa sanin yadda tafiyar kwana uku takan koma ta mako guda.

Abin mamaki a nan shi ne Zariya ce take horar da matuƙan jiragen sama tun 1964, amma baƙon da yake son ganin Zariya sai ya sauka a Abuja ko Kano, ya nemi mota, ya yi sa'o'i a kan titi. Kowane mataki da aka ƙara wa tafiya yana zubar da wasu daga cikin masu niyya.

Biza fa, tana da tasiri haka?

Tana da shi ƙwarai. Mutumin da yake da hutun mako biyu a shekara ba zai ɓata wata guda yana jiran ofishin jakadanci ba, muddin akwai wata ƙasa da za ta buga masa hatimi a filin jirgi. Ruwanda ta fara ba kowa biza a bakin shiga tun Janairun 2018, Saudiyya kuma, wadda a da mahajjata da ma'aikata kawai ta fi karɓa, ta buɗe bizar yawon buɗe ido a Satumban 2019.

Me ya sa rashin tsaro yake saurin kashe wannan sana'a?

Saboda yawon buɗe ido ba tilas ba ne. Ɗan kasuwa yakan yi kasada don riba, mahajjaci yakan jure wahala don lada, amma mai neman hutu da zarar ya ji ƙishin-ƙishin sai ya juya akalarsa wani wuri. Masar ta karɓi baƙi sama da miliyan 14 a 2010, juyin juya halin 2011 ya rage su sosai, faɗuwar jirgin Rasha a Sinai a 2015 ta ƙara dagula al'amarin, kuma sai da aka shafe fiye da shekara goma kafin adadin ya koma yadda yake. Dalar tana nan inda take duk tsawon lokacin. Kusa da mu, Agadas ta rasa baƙinta bayan tawayen da ya ɓarke a 2007, an soke tseren motoci na Dakar a 2008 saboda barazanar hari a Muritaniya, Timbuktu kuma ta faɗa hannun 'yan bindiga a 2012.

Akwai wani abu da ba a cika sani ba a nan gida. Gwamnatocin ƙasashe irin su Ingila da Amurka sukan fitar da gargaɗi ga 'yan ƙasarsu a kan yankunan da bai kamata su je ba, kuma da zarar yanki ya shiga wannan jeri, inshorar tafiya galibi takan daina aiki a can, kamfanonin shirya tafiye-tafiye su cire shi daga tsarinsu. Irin wannan gargaɗi kan shafi jiha ne gaba ɗaya, don haka hari irin wanda aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022 yana shafar sunan Zariya ko da ranar kasuwar Sabon Gari ta ci lami lafiya. Mummunan suna yana shiga cikin dare ɗaya, fitarsa kuwa sai an yi shekaru.

Talla da labari suna iya ɗaga gari?

Suna iyawa idan akwai abin da za a tsaya a kai. Gana ta ayyana 2019 a matsayin shekarar dawowa gida, domin cika shekara 400 da kai bayin Afirka na farko yankin Virginia da ke Amurka ta yau, ta gayyaci baƙaƙen fatar Amurka su zo su ga kurkukun bayi na Cape Coast da Elmina. Gine-ginen sun daɗe a wurin. Abin da aka ƙara shi ne labarin da ya taɓa zuciyar mutanen da suke da kuɗin tikiti. Ruwanda ta sa sunanta a hannun rigar 'yan wasan Arsenal a 2018, har yaron da ke kallon ƙwallo a gidan kallo a Tudun Wada ya san sunan ƙasar. A yau kuma hoto guda a Instagram yana yin aikin da a da sai mujallu suka yi.

Shiga jerin UNESCO ma wani nau'in talla ne, amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Sukur ta Jihar Adamawa ta shiga jerin tun 1999, ita ce ta farko a Najeriya, duk da haka nisa da rikicin yankin sun hana ta cin moriyar sunan. A Disambar 2024 hukumar ta amince da hawan dabar Kano a matsayin al'adar da duniya ta gada, kuma wannan zai amfani masarautun da suke da irin wannan hawa ne kawai idan baƙo ya samu yadda zai iso ya kalla.

Wane ne yake riƙe baƙo bayan ya iso?

Ƙananan abubuwa ne: ɗaki mai tsabta da wuta da ruwa, banɗaki a wurin da ake ziyara, farashi ɗaya ga kowa, ɗan rakiya mai jin harshen baƙon wanda ya san tarihi ba shaci-faɗi ba, da shingen hanya da ba a tatsar matafiyi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a wannan fanni Bahaushe ba ya bukatar darasi, sai dai baƙon da ya biya kuɗin otal yana son tabarmar ma ta kasance mai kyau. Haka nan yana son tabbaci, domin yakan sayi tikiti watanni kafin tafiya. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ya tsaya na kimanin shekara goma kafin a dawo da shi a 2020, kuma bikin da ba a san ko za a yi shi baɗi ba, babu kamfanin da zai sayar wa mutane tafiya zuwa gare shi.

Shin shahara alheri ce a kowane hali?

A'a. Birnin Venice na Italiya, saboda cunkoson baƙi, ya fara karɓar Yuro 5 daga masu shigowa yini guda a wasu ranaku a Afrilun 2024, mazauna Barcelona sun yi zanga-zanga a wannan shekarar saboda tsadar hayar da suke dangantawa da yawan baƙi, Thailand kuma ta rufe gaɓar tekun Maya daga 2018 zuwa 2022 don halittun ruwa su farfaɗo. Annobar korona ta rage tafiye-tafiyen duniya da fiye da kashi 70 cikin ɗari a 2020, ƙasashen da suka dogara da baƙi kaɗai suka ji jiki, domin baƙo raɓa ne. A gari irin Zariya, mai malamai da makarantun zaure, akwai kuma tambayar sutura da ladabin shiga masallaci da ɗaukar hoton mata, wadda ya fi kyau a tsara ta tun kafin baƙi su yi yawa. Ruwanda ta zaɓi baƙi kaɗan masu biya da tsada, inda izinin ganin gwaggon biri ya kai Dala 1,500.

Zariya tana da abin da za ta nuna kuwa?

Tana da shi, har fiye da yadda mazaunanta suka ɗauka. Akwai ragowar ganuwa da ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, akwai Dutsen Kufena, akwai Turunku da labarin Sarauniya Amina wanda ya riga ya zaga duniya, akwai tsohuwar majami'ar Wusasa mai ginin ƙasa, akwai Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 da sashenta na zane-zane mai suna. Sama da duka akwai masallacin Juma'a da Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda masana gine-gine na ƙasashen waje suka daɗe suna nazarin bakan gizon rufinsa. Rushewar wani sashe nasa a Agustan 2023, tare da asarar rayuka, ta nuna cewa ginin ƙasa yana bukatar magina masu yaɓe da kulawa kowace damina.

Ra'ayina shi ne baƙin farko da Zariya za ta iya samu ba daga Landan za su fito ba. Hausawan Maraɗi da Damagaram, da mazauna zangon Kumasi da Accra waɗanda kakanninsu suka tashi daga ƙasar Hausa, da 'yan Kamaru da suka yi karatu a Samaru, duk baƙin ƙasashen waje ne a lissafin hukumar Madrid. Ba sa bukatar tafinta, mutanen Gana ba sa bukatar biza, kuma da yawansu za su so su tsaya a ƙofar fada ranar Hawan Daushe idan aka sanar da su tsarin hawan da wuri, aka kuma tanadar musu inda za su zauna da inda za su kwana.