Talabijin na dijital ta ƙasa a Damagaram

Talabijin na dijital ta ƙasa, wanda a Nijar aka fi sani da TNT, hanya ce ta watsa hoto da sauti daga dogon ƙarfen tashar watsawa zuwa eriyar gida, ba tare da bi ta tauraron ɗan Adam ba. Shi ne ke maye gurbin tsohon tsarin analog da Télé Sahel, tashar talabijin ta gwamnatin Nijar, ta daɗe tana amfani da shi.

Asalin sauyin yarjejeniya ce da aka ƙulla a Janeba a 2006 ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU. Ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya sun amince su rufe analog a zangon UHF (ɗaya daga zangunan mitocin da ake watsa talabijin a kansu) zuwa 17 ga Yuni 2015, aka kuma ɗaga wa wasu ƙasashe ƙafa zuwa 2020 a zangon VHF. Yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Nijar, ba su cika wa'adin farko ba. Tsarin da yankin ya zaɓa shi ne DVB-T2 don watsa sigina, da MPEG-4 don matse hoto.

A analog, kowace tasha tana cinye mita guda ita kaɗai. A dijital kuwa ana matse hotunan, sai mita ɗaya ta ɗauki tashoshi fiye da goma. Wurin da ya rage, musamman mitocin 700 da 800 MHz, kamfanonin salula ke samu don intanet mai sauri, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatoci ke matsa wa batun.

Inda wayar da kai ta fi wuya shi ne cikin gida. Mai tsohuwar tele a unguwar Birni ko Zango a Damagaram ba sai ya yar da ita ba. Dekoda zai saya mai karɓar DVB-T2, ya haɗa da eriyar UHF, ya sa ta binciko tashoshi. Sai dai mutane da yawa suna ɗauka kowace dekoda ɗaya ce, alhali ta parabol ba ta kama TNT, haka ma tele 'yar gwanjo daga Turai mai tsohon DVB-T. Shi ya sa mai gyaran tele da ɗan kasuwar Dole suka fi kowace sanarwa tasiri: abin da suka ce a saya, shi ake saya. Bayani da Hausa da Barbarci a gidajen rediyo ma ya fi takardar Faransanci isa kunne.

Akwai kuma halin siginar. Analog in ya yi rauni, hoto ya yi ta yayyafi amma ana kallo a haka. Dijital ba ya wannan sassauci: ko hoto tangaran, ko ya daskare ya ɗauke. A gari mai duwatsu irin Damagaram, tsawon sandar eriya da inda ta fuskanta na iya raba gida da maƙwabcinsa. A karkarar Tanut da Gure, inda nisa ya yi yawa, parabol da faifan hasken rana ne suka fi sauƙin kai hoto.