Fashin baƙi kan ƙa'idar rage gudun torrent a intanet ɗin gida

Ran nan ƙanina da ke karatun kwamfuta nan Gusau ya same ni yana ta faɗa, wai rautar gidanmu, wato na'urar da ke ba mu Wi-Fi, ta lalace. Bayan isha'i ya sa manhajar Ubuntu tana sauka ta torrent, abu ya tsaya cak kamar an ɗaure mai ƙafa, amma kuma a rautar nan dai YouTube na tafiya lafiya lau, saƙon WhatsApp na shiga. Da ya tashi sallar asuba sai ya tarar ta gama sauka tas. Na ce mai rauta lafiyarta ƙalau, zauna in maka bayani.

Shi torrent, wanda Bram Cohen ya ƙirƙiro a 2001, tamkar aikin gayya ne. Maimakon ka ɗauko fayil daga rumbu ɗaya, ana yayyanka shi gunduwa-gunduwa ne, kana karɓa daga mutane barkatai a lokaci guda kai ma kana miƙa wa wasu abin da ya riga ya shigo hannunka, kuma ko ka gama saukewa in baka rufe shi ba haka zai kwana yana turawa yana cin datarka. To layin gida an gina shi ne da faffaɗar hanyar saukewa da 'yar siririyar hanyar turawa, ga shi kuma sandar sabis ɗin nan ta unguwa ce gaba ɗaya, kamar famfon burtsatse, in mutum ɗaya ya jera jarka 40 kowa sai ya ji a jikinsa. Musamman da dare da kowa ya dawo gida ya kama waya.

Shi ya sa kamfanoni ke da tsarin raba hanya. Suna da na'urar da ke duba ƙunshin bayanan da ke wucewa ta gane wannan kiran murya ne, wannan bidiyo, wancan torrent, kuma ko an lulluɓe shi da makulli yanayin tafiyarsa kan tona shi tunda da ɗaruruwan kwamfutoci yake magana lokaci ɗaya. In an gane shi sai a maida shi ƙarshen layi har cunkoso ya lafa, ko a yanka mai iyakar gudu. Akwai kuma wanda muka fi sani a nan, tsarin da ake sayar maka da sunan mara iyaka amma a ƙananan rubutu an sa adadin gig ɗin da in ka wuce za'a rage maka gudu har wata ya ƙare.

Wannan rigima a Amurka ta fara zafi. A 2007 aka gano kamfanin Comcast na cusa saƙon bogi tsakanin kwamfutoci biyu masu musayar fayil, kowacce ta ɗauka ɗayar ce ta katse, alhali bai faɗa wa kwastomominsa ba. Hukumar sadarwarsu FCC ta same shi da laifi a 2008, kotu kuma ta soke hukuncin a 2010 tace hukumar bata da hurumi, tun lokacin ake kafa dokar hana kamfanoni irin wannan danniya ana rushewa.

Mu a nan hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ce mai sa ido, a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, kuma a 2019 ta fitar da kundin ƙa'idojin masu ba da intanet. Abin da ya ƙunsa a taƙaice, kamfani bai da damar toshe ko danne abin da yake halas a doka haka kawai, sai dai gyaran hanya mai dalili kamar rage cunkoso ko tsare layin daga ɓarna, sannan dole ya bayyana wa mai saye yadda yake yin hakan. Ni wlh nan ne abin ya fi tsaya min a rai. Ban ƙi a fifita kiran mai neman likita da dare kan fayil ɗin ƙanina ba, adalci ne ma, amma mutum ya cire kuɗinsa a wannan tsadar ya sayi data, ai haƙƙinsa ne a gaya mai da baki tun a shago, da Hausa in ta kama, kafin ya biya.

Kuma a sani shi torrent ɗin kansa ba laifi bane, laifin na ga abin da aka ɗauko da shi. Ubuntu masu ita ne da kansu suke rabawa ta nan kyauta. Fim ɗin da 'yan Kannywood suka zuba jari suka yi kuwa, ɗaukarsa ba izini cin haƙƙi ne, dokar haƙƙin mallaka ta hana.

Xender ba ya cikin wannan lissafi sam, waya da waya ne kai tsaye ba ya bi ta kamfani, shi ya sa ma lokacin da aka rufe mana sabis a Zamfara a Satumbar 2021 da shi muka riƙa tura wa juna karatu da wa'azi.

Ƙanin nawa dai yanzu ya rage gudun turawa a cikin saitin manhajar, manyan fayiloli kuma sai tsakar dare yake sa su. Na ce in ya ga an danne shi ba tare da sharuɗɗan da ya saya sun faɗa ba ya fara kai ƙorafi wurin kamfanin ya karɓi lambar ƙorafin ya ajiye, in basu yi komai ba ya kira NCC a 622, kyauta ne.