Dalilin da ya sa Bayahuden Landan ke yin idi kwana biyu, na Birnin Ƙudus kwana ɗaya

Duk wanda ya taɓa zaman jiran sanarwar ganin wata a daren ashirin da tara, kunnensa a rediyo, bai sani ba ko gobe salla ce ko azumi, ya riga ya gane rabin wannan doka. Watan Yahudawa ma na sama ne, kwana 29 ko 30, kuma idodinsu a ɗaure suke da kwanan wata. Attaura ta ce Idin Ƙetarewa, wanda suke kira Fesah, kwana bakwai ne daga 15 ga watan Nisan. Idin Makonni kwana ɗaya ne. To amma yau Bayahuden da ke Landan ko New York, in mai bin tafarkin gargajiya ne, Fesah ɗinsa kwana takwas ne, Idin Makonni kwana biyu. Idan aka haɗa da Idin Bukkoki da sabuwar shekara da Ranar Kafara, a shekara yana da ranakun idi 13 da ba a aiki a cikinsu, ɗan'uwansa na Isra'ila yana da 8. Wannan ƙarin kwana biyar babu shi a nassin Attaura. Malamansu ne suka ɗora shi.

Asalin abin shakka ce. A zamanin da, babbar majalisar malamai, Sanhedrin, ita kaɗai ke da ikon cewa wata ya tsaya. Shaidu biyu za su zo, a yi musu tambayoyi a kan inda suka ga jinjirin watan da yadda ya karkata, sannan shugaban majalisa ya yi shela. Saura kuma isar da labari. Littafin Mishna, tsohon kundin hukunce-hukuncen malamansu, ya ce da farko wuta ake kunnawa a kan duwatsu, a fara daga Dutsen Zaitun, na gaba ya hango ya kunna tasa, har labari ya kai ga Yahudawan Babila a dare guda. Da Samariyawa, wata al'umma da ke saɓani da su, suka fara kunna wuta a ranar da ba ita ba, sai aka koma aika manzanni. Manzo kuwa yana da mako biyu kacal kafin 15 ga wata. Garin da ya isa, idinsu kwana ɗaya. Garin da bai isa ba, ba su san ko watan jiya ya cika talatin ba, sai su kiyaye kwana biyu don kada su kuskure ranar gaskiya.

Har nan babu abin mamaki. Inda maganar ta yi nauyi shi ne bayan shakkar ta kau. Tun wajen ƙarni na 4 aka koma lissafi, kuma al'adarsu tana danganta tsayar da kalandar ga Hillel na Biyu, shugaban majalisar, a shekarar 359. Yau yaro ma zai iya duba ranar da Fesah zai faɗo shekara ɗari masu zuwa. Talmud, babban littafin malamansu da ke sharhin Mishna, da kansa ya yi wannan tambaya: tunda yanzu mun san tsayuwar wata, kwana biyun na mene ne? Amsar da aka aiko wa mutanen Babila daga ƙasar Isra'ila ita ce su riƙe al'adar iyayensu da ke hannunsu, domin wata rana hukuma na iya kafa dokar hana addini, ilimin lissafin ya ɓace, a rikice. Da wannan saƙo abin da ya fara a matsayin rigakafi ya zama hukunci mai zaman kansa.

A cikin addu'a ake ganin ƙarfin wannan hukunci. Ka ɗauki wani gida a daren na biyu na Fesah. Uwar gida ba za ta shimfiɗa teburin daren ba sai rana ta faɗi taurari sun fito, domin ba a yi wa rana ta biyu tanadi a cikin ta farko. Ba za ta ƙyasta ashana ba, daga wutar da ke ci tun jiya za ta ɗauko ta kunna kyandir. Sannan ta furta albarka ga Ubangiji wanda ya tsarkake su da umarnansa, ya kuma umarce su da kunna fitilar idi. Mai gida zai maimaita dukan hidimar daren jiya, labarin fita daga Masar da cin gurasa marar yisti, da lafazi guda na "ya umarce mu". Da safe a majami'a, addu'ar tsaye da ake kira Amida za ta kasance mai albarka 7 irin ta idi, maimakon 19 ta ranakun aiki, a rera zaburorin yabo, a ƙara Musaf, ƙarin addu'ar da ake yi a ranakun idi da Asabar. Maza ba za su ɗaura tefilin ba, wato ƙananan akwatunan fata masu ayoyi da ake ɗaurawa a hannu da goshi, alhali ɗaura su a ranar aiki umarnin Attaura ne.

Yaya mutum zai ce Allah ya umarce shi da abin da malamai suka kafa? Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Hujjarsu aya ce ta Attaura, a Maimaitawar Shari'a 17:11, wadda ta ce kada a kauce dama ko hagu daga hukuncin da alƙalan zamani suka yanke. Wato biyayya ga majalisa ita kanta umarni ce. A kan rana ta biyu kuma Talmud ya ƙara wani dalili: an wajabta albarkar ne don kada mutane su raina ranar. Ni a ganina nan hikimar take. Sun san halin ɗan Adam, ranar da aka rage wa addu'a ba za ta daɗe ba za a buɗe shago a cikinta.

Duk da haka ba su daidaita ta da ta farko ta kowace fuska ba. Idan aka yi rasuwa, Talmud ya mayar da rana ta biyu kamar ranar aiki game da jana'iza. Ranar Kafara, Yom Kippur, kwana ɗaya ce a ko'ina, don azumin kwana biyu a jere ba ci ba sha ya fi ƙarfin jama'a. Sabuwar shekara kuwa kwana biyu ce har a Isra'ila, saboda ita a ɗaya ga wata take faɗowa, babu manzon da zai riga ta isa.

Akwai labari guda a Mishna da ke nuna inda wannan iko ya kai. Bayan Romawa sun rushe Haikali, babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus, a shekara ta 70, majalisa ta koma garin Yabne, inda daga baya Rabban Gamaliyel ya shugabance ta. Ya karɓi shaidar ganin wata daga wasu mutum biyu, wadda wasu malamai suka ce ƙarya ce, har Rabbi Yoshuwa ya goyi bayan masu musu. Sai Gamaliyel ya aika masa cewa ya zo da sandarsa da kuɗinsa a ranar da lissafin Yoshuwa ya nuna ita ce Ranar Kafara, abin da haramun ne a irin wannan rana. Yoshuwa ya shiga damuwa ƙwarai. Rabbi Akiba ya tuna masa ayar Littafin Firistoci da ta ce idodin Ubangiji su ne waɗanda "za ku yi shelarsu", ko an dace da lokaci ko ba a dace ba. Yoshuwa ya ɗauki sanda da kuɗi ya tafi. Gamaliyel ya miƙe ya sumbaci kansa, ya kira shi malamina kuma almajirina: malamina a ilimi, almajirina don ka karɓi maganata. Wannan wuri yana taɓa ni duk lokacin da na tuna shi, domin dattijon bai janye fahimtarsa ba, ya dai zaɓi kada jama'a su rabu gida biyu a kan ranar ibada.

Matafiya ne suka fi shan wahalar wannan doka a yau. Ɗan Isra'ila da idi ya riske shi a Faransa, bisa hukuncin Shulhan Aruk, littafin dokokin addini na Yusuf Karo, wanda aka fara bugawa a Venis a 1565, ba zai yi aiki ba a rana ta biyu in yana cikin garin da Yahudawa suke. Amma addu'arsa ta ranar aiki ce, zai yi ta a keɓe don kada ya jawo saɓani. Wanda ya zo daga waje ya yi idi a Ƙudus, mafi yawan malamai sun ce kwana biyunsa suna nan, shi ya sa ake samun baƙi sun taru suna addu'ar idi a otal alhali motoci na kai da kawowa a titi. Haham Zebi Ashkenazi, wanda ya rasu a 1718, ya saɓa musu, ya ce baƙo ya bi ƙasar da yake ciki, kwana ɗaya.

Ba kowane Bayahude ya yarda da dokar ba. Karaiyawa, waɗanda tun asali ba su karɓi ikon Talmud ba, ba sa yin ta. Malaman ɓangaren 'yan sauyi sun soke ta a taronsu na Breslau a 1846, kuma a Amurka ɓangaren masu matsakaicin ra'ayi ya bar wa kowace majami'a zaɓi tun 1969. Ƙorafinsu ba na banza ba ne, ma'aikacin da zai nemi hutun ƙarin kwana biyar a wurin wanda ba addininsu ɗaya ba ya san abin da yake ji.

Bambancin har karatun mako yana shafa, wato kason Attaura da ake karantawa a majami'a kowace Asabar. A 2019 da 2022 rana ta takwas ta Fesah ta faɗo ranar Asabar. Majami'un waje suka karanta ayoyin idi, na Isra'ila kuwa idi ya riga ya ƙare musu, suka ci gaba da kason Attaura na mako. Aka yi watanni Isra'ila tana gaba da kaso ɗaya, sai a tsakiyar bazarar can na waje suka haɗa kaso biyu a Asabar guda suka cim musu.