Waiwaye: tun daga tsibirin Tsushima har dutsen Yotei, yadda muka kwashe shekaru muna jiran gem ɗin samurai

Wannan rubutun na yi shi ne kafin Ghost of Yotei ya fito, lokacin muna ta jiransa. Tunda Sony suka saka ranar 2 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar da Ghost of Yotei zai fito nake ganin yara suna ta tambaya wai shi wannan gem ɗin me ya sa ake ta zumuɗinsa haka, ba takobi bane kawai ake sara da shi kamar sauran? To gaskiya ba laifinsu bane, duk wanda bai san inda aka faro ba ba zai gane me ya sa mu da muka daɗe a harkar muke ƙirga kwanaki ba, shi ya sa nace bari in ɗan koma baya in jero yadda abin ya taso.

Zamanin PS2 akwai gem na samurai, wato mayaƙan Japan na da, sosai fa, ba wai babu bane. Onimusha na kamfanin Capcom ya fito a 2001, Way of the Samurai ya biyo a 2002, kafin su ma akwai Tenchu tun 1998 a PS1 wanda shi na ninja ne mai laɓe-laɓe. Amma dukkansu hanya ɗaya ake saka ka, ko ɗan ƙauye ɗaya, ka wuce nan ka shiga can, ba ka da ikon ka hau doki ka ce yau ni waccan bishiyar da nake hangowa a kan tudu zan je. Wannan shi ne abin da ake cewa buɗaɗɗiyar duniya, irin ta GTA, a sake maka ƙasa guda ka yi yawonka yadda kake so, labari yana jiranka duk sanda ka ga dama ka koma masa. Kamfanin Sega sun ɗan taɓa da Kenzan a 2008 da Ishin a 2014 amma a Japan kaɗai suka sake su da yaren Japan, Ishin ɗin ma sai 2023 sauran duniya suka samu. Su kuma Ubisoft tun da suka fara Assassin's Creed a 2007 mutane suke roƙonsu ku kai mu Japan, suka kai mu Italiya, suka kai mu Amurka da Faransa da Ingila da Masar da Girka, Japan ɗin dai shiru.

Ana cikin wannan ƙishirwar ne a ƙarshen Oktoba 2017, wajen taron gem na birnin Faris, aka saki wani ɗan gajeren bidiyo, ƙauye yana cin wuta, ga wani samurai cikin sulke, sai suna ya fito Ghost of Tsushima. Abin da ya ba kowa mamaki masu yinsa, Sucker Punch, kamfanin Amurka ne da ke Bellevue a jihar Washinton, su ne suka yi Sly Cooper da Infamous, ba su taɓa yin wani abu da ya shafi Japan ba. A E3 na 2018, babban taron baje kolin gem a Amurka, suka nuna yadda ake buga shi, filin ciyawa iska tana kaɗa ta, sannan faɗan mutum biyu a ƙarƙashin bishiya jajayen ganye suna zuba, wallahi na kalli bidiyon nan ya fi a ƙirga da ɗan datan da nake da shi. Daga nan kuma sai jira, 2019 ta zo Sekiro ya fito ya ɗan ɗebe mana kewa duk da shi wahalarsa ta kori mutane da yawa, sannan aka ce 26 ga Yuni 2020, korona ta shigo aka ɗaga zuwa 17 ga Yuli.

Labarin an ɗora shi ne a kan abin da ya faru da gaske. A 1274 rundunar Mongolawa ta Kublai Khan ta taso daga Koriya za ta ci Japan, tsibirin Tsushima yana tsakanin ƙasashen biyu don haka shi suka fara dira. A bakin ruwan Komoda shugaban tsibirin So Sukekuni ya tare su da mahaya kusan 80 kacal, aka gama da su. Nan gem ɗin ya buɗe, sai dai jarumin gem ɗin Jin Sakai da kawunsa Shimura da jagoran Mongolawa Khotun Khan duk ƙirƙirarsu akai. Abin da ya riƙe ni a labarin shi ne rigimar Jin da kawun nan nasa wanda ya raine shi, kawu yana cewa samurai baya sara ta baya, baya saka guba, fuska da fuska ake yi ko da za a mutu, shi kuma Jin yana kallon mutanensa ana yanka su yana ganin in aka bi ta kawu to tsibirin ya tafi. Duk wanda babba ya raina a gida ya san nauyin ka kalli wanda ya goya ka ka ce masa hanyarka ba za ta kai mu ba, ni dai a ƙarshen gem ɗin na daɗe riƙe da pad ban danna komai ba.

Sai kuma maganar iska, wadda a ganina ita ce babbar dabarar da suka zo da ita. Sauran gem irin wannan allon cike yake da alamomi, ƙaramar taswira a lungu, kibiya tana nuna maka hanya, lambobi ko ta ina, har ka manta da kallon duniyar da aka zana maka. Su sai suka cire wannan tarkacen, in ka rasa hanya ka shafa pad iska ta taso ta kaɗa ciyawa da ganye ta inda ya kamata ka bi. Tsuntsu mai ruwan zinare ya ja ka zuwa wani ɓoyayyen wuri, yanyawa ta kai ka wurin bautarsu, hayaƙi daga nesa ya gaya maka akwai matsala a can. Idonka yana kan ƙasar koyaushe, shi ya sa mutane suka dinga ɗaukar hotuna a ciki kamar sun je yawon buɗe ido.

Kasuwa kam ya yi, kwafi miliyan 2.4 cikin kwana uku, zuwa Satumbar 2024 ya kai miliyan 13. Amma abin da aka fi zuba wa ido shi ne ya Japanawa za su karɓi labarinsu daga hannun Amurkawa, sai gashi mujallar Famitsu ta ba shi 40 bisa 40, kafin shi Skyrim da GTA V ne kawai gem ɗin Turawa da suka taɓa samun haka a wajensu. A Satumbar 2020 guguwa ta karya ɗaya daga cikin ƙofofin wurin bautar Watazumi da ke tsibirin na gaske, aka buɗe asusun gyara ana neman yen miliyan 5, aka tara sama da miliyan 27, kuma masu buga gem ɗin suna cikin waɗanda suka zuba. A 2021 hukumomin Tsushima suka naɗa daraktocin biyu, Nate Fox da Jason Connell, jakadun yawon buɗe ido na tsibirin. A Agustan shekarar aka ƙaro tsibirin Iki, a Mayun 2024 ya sauka a kwamfuta, inda mu nan aka ɓata mana rai don an cire shi daga Steam, kasuwar sayen gem na kwamfuta, a ƙasashen da babu PSN, wato akawun ɗin PlayStation, a hukumance, mu kuwa dama da adireshin wata ƙasa muke buɗe akawun.

Amma fa kar son da nake masa ya sa in ɓoye aibinsa. Bayan awa ashirin da wani abu za ka fara jin kana maimaita kanka, yanyawa ta talatin daidai take da ta farko, sansanin Mongolawa ka share wannan ka tarar da wancan kusan iri ɗaya, ƙananan ayyukan kuma yawanci bi sawu ne ka je ka kashe mutum biyar ka dawo a gode maka. Kyan wurin ne yake rufe wannan, in ba haka ba da da yawa sun ajiye shi a yanki na biyu.

Nasararsa ce ta buɗe ƙofa. Team Ninja suka kawo Rise of the Ronin a Maris 2024, shi ya ɗauko ƙarshen zamanin samurai ne, lokacin da jiragen ruwan Amurka suka zo suka tilasta wa Japan buɗe tashoshinta, faɗansa akwai daɗi amma duniyarsa ba ta kama ƙafar Tsushima ba. Ubisoft ma a ƙarshe suka waiwayo Japan da Assassin's Creed Shadows, aka ɗaga shi sau biyu kafin ya fito 20 ga Maris 2025, kuma rigima ta cinye shi tun kafin a taɓa shi saboda Yasuke, baƙin mutum ɗan Afirka wanda tarihi ya tabbatar ya yi wa babban sarkin yaƙin Japan Oda Nobunaga hidima a 1581 zuwa 1582. Wasu da gaske tarihi suke tambaya, shin za a kira shi samurai ko a'a, wannan muhawara ce mai ma'ana, amma da yawa launin fatarsa ne ya tsone musu ido kuma abin ya yi min ciwo sosai. Maganar fasa kayan wuraren bauta a cikin gem ɗin har majalisar Japan ta kai, sai da kamfanin ya gyara ranar da ya fito.

Shi kuma Yotei an fara nuna shi 24 ga Satumba 2024. Kowa ya zaci Jin zai dawo, tunda Mongolawa sun sake kawo hari a 1281, ga labari a shirye, sai suka tsallake shekara sama da 300 suka dira 1603, shekarar da Tokugawa Ieyasu ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja na Japan, bayan yaƙin Sekigahara na 1600, suka kuma bar kudu suka tafi can arewa ƙasar Ezo wadda sai 1869 aka saka mata Hokkaido. A lokacin wajen baya ƙarƙashin cikakken ikon gwamnatin Japan, daji ne da dusar ƙanƙara da filaye, ga dutsen Yotei mai tsayin mita 1,898 a tsaye a tsakiya. Jarumar mace ce, Atsu, kuma ita ba samurai bace ma, 'yar haya ce mai farautar mutane don lada. Shekara 16 baya wasu mutum shida suka kashe iyalinta suka kafe ta da takobi a jikin bishiya mai cin wuta, ta rayu, ta rubuta sunayensu ta dawo nemansu ɗaya bayan ɗaya, Maciji, Oni, Kitsune, Gizo-gizo, Dragon da shugabansu Saito. Mutanen yankin har sun fara ɗaukarta onryo, wato fatalwar da ta dawo ɗaukar fansa.

Nan ma an yi surutu wai don me mace, ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan, labarin Jin ya ƙare inda ya kamata ya ƙare, jan shi zai ɓata shi ne. Abin da suka nuna a Yulin 2025 ya fi jan hankalina, an cire tsayuwar faɗa huɗu ta Jin an maye da makamai, takobi ɗaya, takubba biyu, dogon takobin odachi, mashi, lauje mai sarƙa, ga bindigar zamanin irin ta ɗura, kuma ana iya kaɓe maka makami daga hannu a tsakiyar faɗa. Akwai kyarkeci da yake kawo mata ɗauki, tana kafa sansani duk inda dare ya yi mata mutane su zo su same ta a nan, tana kaɗa shamisen, wani irin molo na Japan, kuma da danna maɓalli ɗaya za ka koma yarintarta a gidansu kafin a ƙona shi, wannan ɗin PS5 ce ta ba su dama saboda saurin lodinta. Salon hoton baƙi da fari na Tsushima, mai kwaikwayon finafinan darakta Kurosawa, yana nan, an ƙara wasu salon biyu. Connell da bakinsa ya amsa cewa maimaici matsala ce a irin wannan gem ɗin kuma suna ƙoƙarin rage shi, to a nan zan auna su, in na kai awa talatin ban fara hamma ba sun cika alkawari.

Ɗaya abin da nake jira in gani da zuciya ɗaya shi ne Ainu. Ezo ƙasarsu ce tun kafin Japanawa su hauro, suna da yarensu da addininsu da sana'arsu ta kamun kifi da farauta, kuma 1603 daidai bakin lokacin da abubuwa suka fara juya musu ne, domin a 1604 aka ba gidan Matsumae ikon su kaɗai za su yi ciniki da Ainu, daga nan aka dinga matse su har aka zo zamanin da aka ƙwace filayensu aka tura 'ya'yansu makarantun da ba a jin yarensu, yau masu jin yaren sosai 'yan ƙalilan ne, sai 2019 dokar Japan ta amince su ne 'yan asalin wurin. Sucker Punch sun ce sun je Hokkaido sun zauna da Ainu sun nemi masu ba su shawara. Ina fata ya zama mutane ne masu suna da magana da ra'ayi a cikin labarin, kar a mayar da su masu sayar wa Atsu kaya a gefen hanya kawai, don miliyoyin da za su buga gem ɗin nan da yawansu a nan za su fara jin sunan Ainu a rayuwarsu.

Saura maganar aljihu. PS5 kaɗai zai fito, babu PS4, mu kuwa yawancin gidajen gem ɗinmu har yanzu PS4 ce kuma ƙwallo ake bugawa daga safe har dare, mai gida ba zai ba ka inji ka zauna awa hamsin kana bin labari ba alhali ga layi ana jiran a buga wasan minti goma. Kuɗinsa dala 70, a canjin 2025 ya haura naira dubu ɗari, mafi ƙarancin albashi a lokacin kuma dubu 70 ne, ga data ta sauke shi ga wutar da za a buga. Mu huɗu muka haɗa kai da abokaina, kowa yana ajiye nasa kason tun watan Yuli, faifai za mu saya ba na saukewa ba don ya zaga hannu, kuma mun riga mun yi ƙuri'a, ni ne na biyu. Wanda ya zo na farko mun ba shi sati biyu, da sharaɗin ba zai buɗe baki ya gaya wa kowa ko waye a bayan fuskar Kitsune ba.