Wai sai mai baiwa ne ke iya rubutu?

Wannan maganar ta daɗe tana kashe wa matasa gwiwa a nan Jos, mutum ya rubuta shafi biyu a waya, ya karanta ya ji ba daɗi, shikenan sai ya goge wai shi ba shi da baiwa. Wallahi ba haka abin yake ba. Rubutun farko dama a hargitse yake fitowa, aikinsa kawai ya kwaso abin da ke kanka ya zube, gyara sai daga baya. Ko littattafan gasar rubuta labaran Hausa ta 1933 da muke tinƙaho da su, sai da Rupert East, Baturen da ya shirya gasar, ya bi su da gyara a Zariya kafin a buga.

In ka gama, ajiye shi kwana biyu. Ka dawo ka karanta da ƙarfi, kunnenka zai kama inda jimla ta yi tsawo ko inda "sai" ta cika yawa. Fara da tsarin labarin tukuna, ƙa'idar rubutu ta zo ƙarshe. Sannan ka ba wanda ba ya jin nauyinka ya duba, ba ƙanwarka da za ta ce "ya yi kyau Yaya" ba.